Rigar da Servete Ta Ɗinka da Fenti

Mareeba, tsakiyar Sha'aban

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗan ƙanwata Fatmir, a Shepparton. Aminci ya tabbata a gare ka, da maiɗakinka Leanne, da yaranku. Allah Ya jiƙan mahaifiyarka. Mu nan lafiya, zafi ya kama, mangwaro ya fara nuna. Kunnena ya yi nauyi har waya ta zame mini azaba, shi ya sa ka ga takarda. Sai kuma ido. Likitan Cairns ya ce tsakiyar ganina ce ke mutuwa, gefe zai saura. In na dubi mutum a masallaci ina ganin hularsa da kafaɗunsa, fuskar kuwa ta fara zama hayaƙi. Alhamdu lillahi a kowane hali.

Bayan haka, Aldo maƙwabcina zai gangara kasuwar Melbourne da mangwaro, zai biyo ta wajenka da injin finbol, na wasan buga ƙwallon ƙarfe, na tsohon kantinmu na madara, Sarauniyar Murjani, wanda ke rumbun taba tun da muka rufe kanti. An ce kai ake kira yanzu ka yi alƙalancin irin waɗannan injuna a wurin baje koli. Ina so ka tayar da shi in gan shi a kunne sau ɗaya, kafin a rufe mini taga.

Sharaɗina biyu ne. Na farko, akwai gargaren sa'a a cikinsa, mai jefa lamba a ƙarshen wasa, in ta dace da ta mai wasa a ba shi wani wasan kyauta. Wannan caca ce ko da ta senti biyar ce. Ni na sa aka cire wayarsa, kada ka mayar.

Na biyu ya fi nauyi. Kada a taɓa zanen gilashin da ke tsaye a kan injin. Ba a haife ka ba lokacin da aka kawo injin. Mace ce aka zana tana fitowa daga teku, ga jirgi da kifaye a bayanta, abin da ke jikinta bai kai hankici ba. Na ce a mayar da shi. Marigayiya matata Servete ta ce, "Malam, duk yaran garin nan suna kantin Bagirike saboda irin wannan. Ba ni ita mako guda." Na ce, "Ki yi mata me?" Ta ce, "Abin da ake yi wa baƙuwar da ta zo gidan mutane ba sutura." Ta kulle kanta a ɗakin ajiya da fentin rubuta allon kanti, ba ta bar kowa ya leƙa ba. Da ta fito da gilashin, sai ga baiwar Allah cikin koriyar riga har wuyan hannu, da farin kallabi mai furanni a baki. Yara suka sa mata suna Misis Neshat. Wanda ƙwallonsa ya faɗa rami sai ya ce, "Mista Neshat, matarka ta cinye mini kuɗi!" Servete ta ce daga bayan kanta, "Gobe ka kawo mata wasu, ba ta ƙoshi ba."

Ɗinke-ɗinkenta duk an rabar. Wannan riga ce kaɗai aikin hannunta da ya rage mini. Amana ce na ba ka.

Kawunka,
Neshat

Shepparton, farkon azumi

Kawu, ina gaisuwa da girmamawa. Allah Ya ba mu ladan wata. Labarin idonka ya taɓa ni ƙwarai, Allah Ya sassauta. Mu nan lafiya lau, sai ƙaramar da ta karye a hannu wajen hawan keke, amma tana warkewa.

Injin ya iso. Aldo ya ce in gaya maka ya fi akwatin mangwaro ɗari taurin kai. Kawu, ka san abin da ka ajiye kuwa? Ina wannan sana'a tun ina saurayi, Sarauniyar Murjani biyu kaɗai na taɓa gani, kuma babu wadda filin wasanta ya kai naka. Katakon bai ci ba, ba a taɓa yi masa ciko ba. Ɓeraye sun yi gida a ƙasa, robobi sun narke, fikafikan bugun ƙwallo sun sandare, amma duk wannan aikin hannu ne. Na nuna wa wani abokina, Duggan, mai tara irinsu, ya yi ta zagaya shi yana leƙe.

Gargaren sa'a yana nan yadda ka bar shi. Alƙalai suna rage maki in an kashe wani sashe, amma sharaɗinka ya fi maki. Gilashin kuma na cire shi na ajiye. Ka ba ni lokaci, irin wannan aiki ba ya son gaggawa.

Leanne ta gwada gasa birek, burodin nan mai haɗi a ciki, irin na mahaifiyata, ya fito kamar tayal, mun ci don zumunci.

Ɗanka,
Fatmir

Mareeba, bayan ƙaramar Sallah

Fatmir, aminci a gare ka. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya ba yarinya lafiya. Ni ina nan, hayaƙin yana faɗi a hankali.

Na sa takardarka ƙarƙashin madubin ƙara girma na karanta ta, na sake karantawa. Ka yi dogon bayani a kan katako, ka yi a kan ɓeraye, har birek ya sami rabonsa. Abin da na ce maka ya fi nauyi kuwa, rabin layi ka ba shi: ka cire, ka ajiye. Ka cire don me? Ka ajiye a ina? Da na ba ka sharaɗi biyu, na farko ka amsa shi da alkawari, na biyu ka amsa shi da labari. Wanda ya zauna gaban malamai ya san bambancin waɗannan.

Kuma wane ne Duggan, da maki ya shigo zancenmu? Ban aiko injin don a auna shi ba. Na tambayi Aldo yadda masu tarawan nan suke. Ya ce, "Neshat, waɗannan ko sukurun da ba na asali ba suka gani sai su yi kamar an yi musu rasuwa. Wanda na gani a shagon yaronka, yadda yake lasar leɓe, ko ni da nake kallon taliyar uwata ban kai shi ba." Na ce, "Ya ga gilashin?" Ya ce, "Ya gani. Ya ce wane mai laifi ne ya yi wannan."

Mai laifi. Haka aka kira matata a shagonka, ban kuma ji ka ambata ba.

Na san matsayin zato a addini, na karantar da shi shekaru, ina kuma neman tsari daga nawa. Amma rufe ƙofar zato yana kan wanda ya bar ta a buɗe. Ka rubuto mini a sarari cewa rigar tana nan, ba reza ba ƙyalle da ya kusance ta. Layi ɗaya ya ishe ni.

Kawunka,
Neshat

Mareeba, jajibirin babbar Sallah

Fatmir, sallama haƙƙin Musulmi ce, na ba ka ita. Lafiyata ba za ta dame ka ba, don haka na taƙaita.

Damina ta sauka, na ce ko ruwa ne ya tare amsarka. Sai ga takardar 'yar baffana Nurije daga garinku ta iso a bushe, ta hanyar da taka za ta bi. A ciki ta sako hoto da ta yanko daga jarida, ta rubuta a gefe, "Yaya, ashe kantinku haka yake a da? Ba mu sani ba."

Na kai hoton bakin taga, na karkata kai yadda nake yi yanzu don in gani da gefen ido. Kai ne a zauren baje koli a Melbourne, da lambar alƙali a ƙirjinka. Ga injina a kunne, ga lanƙwasar da akwatin lemo ya yi wa ƙafarsa ta hagu, ba zan ɓata ta ba. Ga wani ƙato ya ɗora hannu a kansa kamar mai taya sa a kara. A gilashin kuwa ga matar nan tsirara, yadda ta zo mana ranar farko.

Ka kankare. Abin da Servete ta suturta, ka tone shi don mutanen da ke kiranta mai laifi su tafa maka. Ni na yi maka kiran salla a kunne ranar da aka haife ka. Ita ta goye ka a kantin nan uwarka tana gona. Hasken da na roƙa in gani, baƙi sun gan shi kafin ni, kuma a kan tsiraici.

Leanne ta yi ta kiran waya, na ce wa mai yi mini shara ta ajiye. Kunnena ba ya jin gaskiya ma sosai, balle hanzari. Gani ya kori ji. Wannan takarda Aldo zai kawo ta da hannunsa. Ka ba shi gilashin a duk halin da yake, ya dawo mini da shi. Ragowar injin ka ba Duggan ko ka jefa kogi. In ka hana, to ka sani babu sauran takarda tsakaninmu.

Neshat

Shepparton, kwana biyu bayan Sallah

Kawu, ina gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan ta riga Aldo isowa. Ta jirgi na aiko ta. Ka karanta har ƙarshe kafin ka yi komai.

Ban kankare ba. Gilashin da ke hoton na Duggan ne, aro na karɓa. Ban kuma sa injin a gasa ba, alƙali ba ya sa nasa. Amma na kai shi zauren ba da izininka ba, don ina so a gani, ina so a ce Fatmir ne ya tayar. Wannan ka kama ni, ba ni da ta cewa. Duggan ya taya, na ce ba na sayarwa ba ne.

Ga abin da na kasa rubuta maka. Zanen irin wannan gilashi a bayansa yake. Damshin rumbun taba ya shiga tsakanin tawadar masana'anta da gilashin, duk ta ɗago kamar ɓawon albasa. Da na buɗe kan injin, numfashina kaɗai ya ɗaga wani yanki na teku. Irin wannan ba a tsayar da shi, ba a kunna masa fitila, ba a girgiza shi. Kwantar da shi ake yi, bayan yana sama, a bi ɓawon ɗaya bayan ɗaya ana lallaɓa shi ya kwanta, sai an gama duka a fesa abin da zai riƙe shi. Na fara daga gefe don hannuna ya saba kafin in kai fuska. Na ce ba zan gaya wa mai ciwon ido wannan ba sai na ga ƙarshensa. Da takardarka ta biyu ta zo, na zauna zan amsa, na ga layi ɗayan da kake nema gaskiya ne amma rabinta ne. Sai na ce bari in gama tukuna. Shirun nan kuskure ne.

Kuma Kawu, akwai abin da ban tsammanin ka sani. Fentin da aka shafa ta baya ba ya rufe abin da ke gabansa. Inna Servete ba lulluɓe matar ta yi ba. Da reza ta kankare jikin kakaf har gilashi ya fito fes, sannan ta zana rigar a juye: furannin bakin kallabi da farko, sai layin ɗinki, sai launin yadin a ƙarshe, kuma siriri yadda fitila za ta ratsa. Fuska da tafin hannu kaɗai ta bari na asali. Ko da na so tonawa, babu abin da zan tono. Duggan da ya ga bayan gilashin ya janye maganarsa, ya ce, "Wannan matar a ina ta koya?"

Ranar da Aldo ya zo ina Bendigo wajen aiki. Leanne ta tare ƙofa ta ce, "Aldo, Fatmir ya ce ko ƙuda kada ya sauka a kai." Ya ce, "'Yata, tsohon nan ya ce in ban kawo ba kada in ƙara shan kofinsa. Shekara arba'in ina sha, yanzu zan koyi na wani?" Ta ce, "To ka kwantar da shi." Ya ce, "Gilashi a kwance a mota? Wa ya taɓa yi? A tsaye ake ɗaukar gilashi, tambayi kowa." Ya naɗe shi da bargo ya tsayar bayan kujera. A kan gilashin taga gaskiyarsa ce.

In ya iso, kada ka warware bargon a tsaye. Ku kwantar da shi a tebur, bayan yana sama. Duk abin da ya zuba kada a share.

Ɗanka, ko ka amsa ko ba ka amsa ba,
Fatmir

Mareeba, ƙarshen Zulhajji

Da sunan Allah, Mai karɓar tuba.

Ɗana Fatmir, aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka da iyalinka. Ka gaishe mini da Leanne gaisuwa ta musamman, ka ce tsohon da ya sa aka ajiye mata waya yana neman afuwarta. Jikina lafiya.

Takardarka ta riga Aldo. Ruwa ya yanke hanyar bakin teku, ya zagaya ta cikin ƙasa, ta hanyar shanu mai gargada, inda waya ba ta kamawa. Na zauna a baranda da takardarka a cinya, na san abin da ke faruwa a bayan kujerar nan a kowane rami, ba ni da ikon tsayar da shi. Ban taɓa sanin tsawon yini ba sai a wannan jira.

Da ya iso na ce mu kwantar da shi. Ya ce, "Kai ma ka kamu da ciwon yaron?" Muka kwantar. Da muka buɗe bargon, sai Aldo ya cire hularsa. Na ce, "Gaya mini, kai ke da ido." Ya ce, "Teku ya tafi, Neshat. Jirgin ya tafi, kifayen sun tafi. Duk suna cikin bargo kamar garin shuɗi." Na ce, "Rigar fa?" Ya ce, "Rigar ko ƙwarzane. Kamar jiya aka ɗinka." Ya juya hularsa a hannu. Na ce, "Ƙarasa." Ya ce, "Babu fuska."

Muka ɗaga shi a hankali muka nufi taga da shi a kwance, na sunkuya ta ƙasa. Gefen da ka gyara yana nan, ɗan ragowar ruwa da murjani, aikinka ya riƙe. Ga koriyar riga, ga kallabi da furanninsa. A tsakiyar kallabin gilashi ne fari, ina hango sararin sama ta ciki.

Ba zan ɓoye maka ba, fuskar nan ba ta Servete ba ce, wani mai zane a Chicago ya ƙirƙire ta. Amma yara sun kira ta da sunan gidana shekara da shekaru, har ni ma na saba. Ita nake so in gani a kunne tun ina iya ganin fuska. Ba damshi ne ya ɗauke ta ba, damshi ya bar ta a wurinta. Ba kai ba ne, ba Aldo ba ne. Akwai ɗan ƙarfe mai lilo a cikin injin nan, ka fi ni saninsa, wanda in mai wasa ya girgiza da ƙarfi sai fitilu su mutu, wasansa ya ƙare. Na sha gaya wa yaran kanti, "Taɓa shi kaɗan halal ne, jijjiga kuwa kai za ta ci." Su sun ji, ni ne na jijjiga.

Game da kai injin zaure da shirun da ka yi, na yafe, kada a sake. Game da abin da na rubuta maka, kai ne mai haƙƙi, ina roƙonka ka yafe tun muna duniya. Na rubuta wa Nurije abin da ya kamata ta sani, da manyan baƙaƙe.

Abu ɗaya ya sanyaya mini rai. Duk shekarun nan, in na dubi gilashin, wani abu yana sukata cewa tsiraicin yana nan a ƙarƙashi, rufe shi kawai muka yi muna cin kuɗinsa. Ban taɓa gaya mata ba. Ashe ta riga ni, ta kawar da shi tun farko, ba ta ga abin faɗa ba a ciki. Allah Ya suturta ta kamar yadda ta suturta.

Garin shuɗin na juye shi a kwalbar zuma, ban share komai ba. Gilashin yana kwance a teburin cin abinci, ni da Aldo a baranda muke shan kofi. Ba zai ƙara shiga mota ba. Ka zo da injin da kayan aikinka, ka fesa abin da za ka fesa a nan.

Na san za ka ce za a iya kwafo fuska daga gilashin Duggan a liƙa. Kada ka yi. Malamai sun ce hukuncin zanen surar mutum yana ga fuskarta, to an sauke mini wannan nauyin ma, ko da yake ba ta hanyar da zan yi alfahari da ita ba. Kuma ka tuna halin idona. Ko ka liƙa, kafin ka iso ba lalle in gan ta ba. Likita ya ce haske shi ne abin da zai daɗe tare da ni. Ka sa fitila mai kyau a bayan kallabin.

Kawunka mai jiran zuwanka,
Neshat